Ghali Ya Cika Finjali

A duk Hausawan da ke Doha babu wanda ya kai Malam Ghali sanin halin Larabawa. Wannan ba ra'ayina ba ne, daga bakinsa na ji, kuma ya sha maimaita mini don kada in manta.

Unguwarmu ɗaya da shi a Zariya. Ni aikin injiniya ya kawo ni ƙasar nan, shi kuma gadi yake yi a wani dogon bene na ofisoshi a Lusail, a ƙarƙashin wani kamfanin tsaro. A gida dai matarsa Haulat da surukansa sun san shi da babban jami'in tsaron Lusail, kuma har yau ba a sami wanda ya zo ya duba ba. Duk Juma'a in an sauko daga masallaci nakan bi ta ɗakinsu a Bin Omran mu ci shinkafa da miyar da Ja'afaru ke dafawa. Ja'afaru direban tasi ne, Bakano, saboda haka shi da Ghali ba sa gaisawa sai da tsiya. Na ukunsu Alidu, mutumin Kumasi, direba ne a gidan Abu Jasim, Balaraben da ya mallaki kamfanin su Ghali, wato kafil ɗin Ghali, mai ɗaukar nauyin zamansa a ƙasar.

Wata Juma'a na tarar an zuba abinci Ghali bai sa hannu ba. Nan na san magana babba ce.

"Injiniya," in ji shi, "mutumin nan so yake ya kore ni."

"Wane mutumin?"

"Mudir mana. Abdul-Hakim. Wa ke gare ni a ƙasar nan in ba shi ba?"

Abdul-Hakim shi ne shugaban masu gadin, wani Bamisire mai ƙaramin jiki wanda magana ke yi wa wuyar fita. Ghali ya shiga jero mini hujjoji. An ɗauke shi daga babbar ƙofa mai sanyi an mayar da shi ƙofar motoci, cikin rana. In ya gaishe da Mudir, hannu kawai yake ɗaga masa. Jiya kuwa tsayawa ya yi ya dube shi, ya dubi agogo, ya sake dubansa.

"Ƙarfe nawa ka je aikin?" in ji Ja'afaru.

"Ba maganar ƙarfe nawa ake ba, Bakano. Maganar irin kallon ake."

Na ce, "To me ka yi a babbar ƙofar aka ɗauke ka?"

"Gaisuwa kawai! Mutum ya shigo, in tambaye shi gida, in tambaye shi iyali, in tambaye shi gajiya. Laifi ne?"

"Ranar da na kai maigida wurin," in ji Alidu, "layin masu jiran a gaishe su ya kai bakin titi."

Ghali ya yi kamar bai ji ba. Ya rage murya. "In ya kore ni, katin zamana ya tashi aiki, sai Zariya. In je in ce wa Haulat me? An rufe Lusail?"

"Ka ce mata ka gama," in ji Ja'afaru. "Ka tsare garin tas, babu sauran abin tsarewa."

Na ba shi shawarar da nake da ita, wadda na yarda ba ta da armashi: ya riƙa zuwa da wuri, ya rage surutu. Ya dube ni da tausayi.

"Boko ya cuce ku, Injiniya. Komai ku ce agogo. Balarabe da zuciya ake kama shi."

Kamun farko da kilishi ya yi shi. Wani ya zo daga gida da kilishi irin wanda aka turbuɗa cikin yaji, Ghali ya naɗe shi a takarda ya kai wa Mudir a gaban ma'aikata, ya kuma tsaya sai ya ga an ɗanɗana. Mudir ya gutsira don kunya. Da tari ya sarƙe shi, Ghali ya taimaka masa da duka a gadon baya, irin taimakon da ya sa gilashinsa ya faɗi. Washegari aka matsar da shi daga ƙofar shigar motoci zuwa ta fita, kusa da inda motar shara ke tsayawa.

Sai ya ce ashe ƙwazo ake so a gani. Ya ƙi ɗaga sandar ƙofa ga kowace mota sai ya buɗe bayanta ya bincika, alhali fita suke yi ba shiga ba. Motar farko da ya fi tsananta wa bincike ta Mudir ce, don a san ba ya son kai. Mudir ya sauke gilashi ya ce masa kalma ɗaya, "Yalla," wato yi sauri, amma Ghali ya ce yanayin da ya faɗe ta ya isa shaida a kotu.

Juma'ar da ta biyo ya ci abinci sosai, alamar ya sami dabara.

"Na gano kuskurena," in ji shi. "Me ya haɗa ni da yaron gida? Wurin mai gidan zan je. Ranar da Mudir ya gan ni zaune kusa da Abu Jasim muna dariya, shi zai riƙa ɗaga mini sanda."

Abu Jasim yana da majalisi a gidansa na Al Wakrah, wani babban ɗaki da ake buɗewa bayan La'asar, duk wanda ya zo gaisuwa ya shiga ya zauna a ba shi gahawa. Alidu bai taɓa wuce bakin ƙofarsa ba, a mota yake jira. Amma Ghali ya matsa masa har ya yarda ya tafi da shi ranar hutunsa.

Da na zo Juma'a ta gaba tun daga matakala nake jin muryarsa.

"Injiniya, an karɓe ni! Wallahi an karɓe ni. Akwai wani dattijo ɗan Yaman da ke zuba gahawa. Sauran baƙi, manyan mutane fa, finjali ɗaya biyu ya wuce su. Ni kuwa da na miƙa sai ya ƙara. In miƙa, ya ƙara. Ya ma daina zagayawa, ya tsaya a kaina. Har Abu Jasim ya juyo yana kallona."

"To ya aka yi ya daina?"

"Da kansa ya daina."

"Ta taga nake leƙe," in ji Alidu. "Hannun Ghali ne ya fara rawa."

"Kuma bai bar mu mun runtsa ba," in ji Ja'afaru. "Bazazzagi ya sha gahawar kyauta, idonsa ya ƙi rufuwa, ya kwana yana yi wa silin jawabi da Larabcin Islamiyya."

A nan sai in ɗan yi wa mai karatu bayani, tunda shi zai saurara. A majalisin mutanen nan, in ka ƙoshi da gahawa ba cewa kake yi ka ƙoshi ba, finjalin kake ɗan kaɗawa kafin ka miƙa. In ba ka kaɗa ba, mai zubawa zai yi ta ƙara maka har ɗayanku ya gaji. Sannan ba a cika finjali. Kaɗan ake zubawa a ƙasansa, don baƙo ya daɗe ana ƙara masa ana hira. In aka cika maka shi fal, an ce maka ke nan sha ka tashi, an gaji da kai.

Ban kai ga buɗe baki ba Ghali ya riga ni.

"Amma na gano wata ɓarna a gidan. Ɗan Yaman ɗin nan cutar Abu Jasim yake yi. Ka ga abin da yake zubawa? Ɗan ɗigo a gindin finjali, sai ka ce maganin ciwon ido. Attajiri kamar wannan! Ana zubar masa da mutunci a gaban baƙi, kuma an rasa mai gaya masa. A Tudun Wada in ka ba baƙo rabin kofin kunu, ai sai an yi shekara ana yi da gidanku."

"Malam Ghali," na ce, "a nan in ka cika wa mutum finjali, korarsa ka yi."

Ya yi dariya har da buga cinya. "Wa ya taɓa korar mutum da alheri? Masu zuba gahawar ne suka ƙirƙiro wannan, don su rage su kai gida. Kai ma sun same ka."

"Kuma kaɗa finjalin nan da ake yi..."

"Injiniya, don Allah. Bututun gas naka ne. Larabawa nawa ne."

Na bar masa su.

Alidu ne ya kawo labarin da ya ƙarasa aikin. Ya ce ranar Alhamis mai benen Lusail ɗin da kansa zai zo majalisi da mutanensa, a kan maganar ko kamfanin Abu Jasim zai ci gaba da gadin benen, kuma an ce Mudir ma ya zo. Ghali ya ɗaga hannu sama ya ce Allah ya haɗa masa su wuri ɗaya. Ya gayyace ni da Ja'afaru mu zama shaidu. Na tuna masa ranar Alhamis yana da aiki. Ya ce wannan ƙaramar magana ce, ya san yadda zai yi.

Na je. Ba zan ce don in hana na je ba.

Ghali ya iso cikin babbar rigar shadda da aka yi wa bugu har tana ƙara in ya motsa. Muka yi sallama, muka zauna can ƙarshen ɗaki kusa da ƙofa. Abu Jasim na zaune a tsakiya, a damansa mai benen, wani tsoho fari mai siririn gemu da sanda a hannu. Mudir na gefe, ya haɗa gwiwoyinsa kamar ɗalibi. Da idonsa ya faɗa kan Ghali sai ya dubi agogo. Wannan karon ni ma na ga irin kallon.

Ɗan Yaman ya zagaya sau ɗaya, sannan ya ajiye butar gahawar ya fita ɗauko dabino. Ghali ya miƙe, ya naɗe hannayen rigarsa a kafaɗa, ya ɗauki butar.

"Zauna, ɗan'uwa," na ce a hankali.

"Kalli aiki," in ji shi.

Ya nufi tsohon kai tsaye, ya durƙusa har ƙasa irin na gidan surukai, ya tsiyaya gahawa har ta kai leɓen finjali tana ƙyalli, ya miƙa da hannu biyu. Finjali ba shi da mariƙi, kuma gahawar daga wuta take. Tsohon ya karɓa da 'yan yatsu, ya dubi finjalin, ya dubi Ghali, sannan ya juya ya yi wa Abu Jasim wani dogon kallo. Hirar ɗakin ta mutu. Ghali ya waiwayo ya kashe mini ido.

Tsohon mutum ne mai haƙuri. Ya shanye a hankali, ya kaɗa finjalin, ya miƙa.

"Allah sarki," in ji Ghali da Hausa, "kun gani? Yana nuna mini babu komai a ciki. Ashe bawan Allah da ƙishi yake zaune."

Ya sake cika shi fal. Bai tsaya nan ba, ya bi mutanen tsohon ɗaya bayan ɗaya yana cika musu, kowa ya kaɗa ya ƙara masa. Wani ya rufe finjalinsa da tafin hannu, Ghali ya ɗauke hannun cikin ladabi ya zuba. Na yi ta girgiza masa kai daga inda nake. Ya ɗauka mamakin gwanintarsa nake yi, ya zo ya cika nawa. Ja'afaru ya cire hularsa ya cusa fuskarsa a ciki, kafaɗunsa na rawa.

Tsohon ya ajiye finjalinsa a ƙasa ba tare da ya kurɓa ba, ya dogara sandarsa ya miƙe. Mutanensa suka miƙe. Ya ce wa Abu Jasim, cikin murya mai sanyi, sun fahimta, kuma ba sai an faɗa musu sau uku ba.

Abu Jasim ya zabura, ya bi shi yana rantsuwa da Allah bai san wannan mutumin ba. Ghali ya bi bayansu da buta yana kira, "Ya Shaikh, akwai saura!" A bakin ƙofa suka yi karo da ɗan Yaman yana shigowa. Hannun babbar riga ya warware daga kafaɗa ya kwashi farantin dabino, dabino ya watsu har tsakar gida. Ɗan Yaman bai ko dubi dabinon ba. Butarsa ya gani a hannun wani, ya kama ta, Ghali ya riƙe, suka shiga ja.

A tsakar gidan aka taru, har maƙwabta masu dawowa daga bakin teku suka tsaya a ƙofa. Abu Jasim ya nuna Ghali da hannu yana huci.

"Wannan na wane ne?"

Ghali ya saki butar, ɗan Yaman ya yi baya ya zauna a kan dabino. Ga damar da Ghali ya kwana yana shirya wa jawabi. Ya gyara riga, ya dafa ƙirji, ya ɗauko Larabcin littafi.

"Naka ne, ya maigida! Ma'aikacinka ne ni, mai kishin mutuncinka. Ina aiki a ƙarƙashin wancan," ya nuna Mudir, wanda ke ƙoƙarin ɓuya a bayan wata bishiyar dabino da ba ta kai shi kauri ba. "Kuma ni ne mai gadin ƙofar benen wannan dattijo mai albarka."

Tsohon ya tsaya. Ya juyo a hankali.

"Kai ne mai gadin ƙofar benena?"

"Ni ne, ya Shaikh."

"To yanzu wa ke gadinta?"

"Kada ka damu," in ji Ghali. "Na ɗaure sandar a sama da igiya. Kowa na wucewa lafiya."

Ja'afaru ya fita da gudu ya shige tasinsa ya rufe gilashi, amma duk da haka ana jin sa.

An daɗe kafin a shawo kan tsohon. Abu Jasim ya sumbaci kan tsohon, ya rantse ba zai bar shi ya fita gidan ba sai ya ci abinci. Aka kira ni in ba da shaida cewa a ƙasarmu cika kofi girmamawa ce. Na ba da shaidar, na ƙara da cewa ba dukanmu muke kaiwa nan ba. Daga ƙarshe tsohon ya yi murmushi ya koma ciki. Maganar igiya ce kawai bai yi wa murmushi ba. Mudir kuwa tuni ya ja mota ya nufi Lusail kwance ta.

A hanyar komawa, da muka wuce tashar jirgin ƙasa, Ghali ya juyo ya dube ni. Sannan ya ce, "Injiniya, wai me ka ce game da kaɗa finjalin nan?" Na sake yi masa bayani daga farko. Wannan karon ya saurara, har da tambayoyi.

Ranar Lahadi da safe aka kira shi ofis. Ya roƙe ni in raka shi, wai in abin ya kai ga Turanci. Muka sami Mudir a zaune, babu faɗa a fuskarsa. A kan teburinsa akwai butar gahawa da finjali ɗaya, abin da Ghali ya ce bai taɓa gani a ofishin ba. Mudir ya nuna masa kujera, ya miƙe tsaye da kansa, ya tsiyaya. Bai ɗaga butar ba sai da gahawa ta kai leɓe.

Ghali ya dubi finjalin.

"Injiniya, kana ganin abin da nake gani?"

"Ina gani."

"Ba kuskure ya yi ba?"

"Bai yi kama da mai kuskure ba."

Ya karɓa ya shanye. Sannan ya miƙa finjalin a tsaye cak, bai kaɗa ba. Ya ce mini ta gefen baki, "In ban kaɗa ba, zama bai ƙare ba. Kai ka faɗa."

Mudir ya ɗaga gira, ya sake cikawa. Ghali ya shanye ya miƙa. Aka sake. Masu gadi biyu da suka zo karɓar makulli suka tsaya a ƙofa, suka kira wasu. Zufa ta fara keto wa Ghali. Tsakanin finjali da finjali ya ce, "Mudir, tsakaninka da Allah, ba tun farko kake neman korata ba?"

"Tun farko," in ji Mudir yana tsiyayawa, "so nake ka zo da wuri, ka rage surutu."

Ghali bai dube ni ba, ni ma na taimaka masa na dubi silin.

Butar ba ƙarama ba ce. Can na ga yatsunsa sun fara motsi. Shi ma ya gani. Ya sa hannun hagu ya damƙe wuyan hannun dama, ya cije leɓe, ya miƙa. Hannayen biyu suka haɗu suka yi rawa tare, finjali ya kaɗa a gaban kowa.

"Khalas, an gama," in ji Mudir, ya karɓe shi a hankali.

Ja'afaru ne ya kai shi filin jirgi, kuma ya ce wannan ce tafiya ta farko da ya ɗauki Bazazzagi da farin ciki. Ina gaba, Ghali na baya yana waya da Haulat.

"Ki gaya wa su Baba ina tafe. Na ajiye aikin... E, sun so in zauna, har liyafa aka yi. Shugaban da kansa ya tashi tsaye yana zuba mini gahawa, ma'aikata na kallo." Ya saurara kaɗan. "Wane irin rabi? Ke ba ki san Larabawa ba. Kowa ɗigo ake ba shi a ƙasar nan. Ni kaɗai aka cika wa."